Daga Doka Zuwa Gonar Cikin Teku

Na bar Doka bayan an gama yankan riɗi, kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Motar ta bi ta Gadarif, muka haye kogin Atbara a Khashm al-Girba, duwatsun Taka suka tarbe mu a Kasala. Daga nan sai Hayya da Sinkat, hanya ta gangara tana lanƙwasa har Sawakin, inda alhazan ƙasar Hausa suka riƙa jiran jirgin Jidda a da. A Fot Sudan na sauya mota, na nufi arewa ta bakin Bahar Maliya, na wuce Muhammad Qol, na sauka Dungunab.

Ƙauyen masunta ne, ruwan gabansa garai-garai har kana hango ƙasa. A 2016 UNESCO ta sa wannan gaɓa tare da Sanganeb cikin wuraren gadon duniya, kuma akwai wani ɗan'uwan ayu da ke kiwo a ciyawar ƙarƙashin ruwan. Amma abin da ya kawo ni shi ne kawar lu'ulu'u mai baƙin leɓe, halitta mai ɓawo biyu da masana ke kira Pinctada margaritifera. Wani Baturen Ingila, Cyril Crossland, ya fara noma ta a nan a farkon ƙarni na 20, ya ci gaba har 1922. A wancan zamanin ana tara 'ya'yanta lokacin da suke neman abin maƙalewa, a rene su a rataye cikin ruwa, ɓawon kuma a sayar wa masu yin maɓallan riga a Turai. A 1969, sannan a 1973, kawar ta yi ta mutuwa tuli-tuli. Masanin Sudan Dirar Nasr ya bi diddigin wannan mutuwa, ya buga bincikensa a mujallar Aquaculture a 1982.

Wani dattijon masunci ya miƙo mini tsohon ɓawo, duk jikinsa ƙananan huji. Aikin wani soson teku ne mai suna Cliona, wanda ke cin ɓawon har ya yi rauni. Akwai kuma tsutsar Polydora da ke haƙa rami ta cika shi da laka. Waɗannan ido yana ganinsu. Masu kisan gaske ƙwayoyi ne da sai an yanka tsokar siriri, an rina ta, an sa a madubin likita. Manomin Doka zai gane wannan tashin hankali, domin haka ƙuduji ke yi wa dawa: kafin furensa ya leƙo ya riga ya shanye saiwa.

A wasu ƙasashen an san maƙiyan da sunayensu. Perkinsus marinus ya bayyana a Tekun Meziko a shekarun 1940. Haplosporidium nelsoni ya auka wa kawar gaɓar Delaware ta Amurka a 1957, ya isa Chesapeake a 1959, kuma daga baya gwajin ƙwayar halitta ya nuna asalinsa daga kawar gabashin Asiya ne. Faransa ta sha kashi sau biyu: Marteilia refringens a ƙarshen shekarun 1960, sai Bonamia ostreae a 1979, wanda ake danganta zuwansa da irin kawa da aka shigo da shi daga Kalifoniya. Kowace ƙwaya da sashen jikin da take kamawa, wata hanji, wata ƙwayoyin jini, kuma kawa ba a yi mata rigakafi, ba a iya zuba wa teku magani.

Wannan ne ya tsaya mini a rai ina zaune bakin ruwan. Mutanen Dungunab ba su da gonar riɗi da za su koma idan teku ta juya musu baya. Jami'ar Bahar Maliya da ke Fot Sudan tana da sashen nazarin teku, kuma ina ganin babu aikin da ya fi cancanta ga ɗalibanta irin su riƙa ɗibar kawa a kowane yanayi, zafi da sanyi, su rubuta duk abin da ke zaune a cikinta tun tana da lafiya. Duk wanda zai faɗaɗa noman nan kuwa, kada ya ɗauko iri daga wata gaɓa ya zuba a Dungunab sai an gwada shi.