Mayaƙan laka da wuri huɗu

Dara wasa ne na mutum biyu, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin bedi a Birnin Ƙonni ya san ba su kaɗai ke yin ta ba. Gurabe 30 ne a ƙasa, kowane ɗan wasa da ƴaƴansa 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa, sannan ga ƴan kallo da shawarar da ba wanda ya tambaye su. A wurinmu wasa taro ne. Shi ya sa abokan aikina ke yi mini kallon tausayi idan na ce ina da wasan yaƙi da nake yi ni kaɗai a kan tabarma bayan sallar isha'i.

Asalin abin daga Turai yake. A 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa rundunar Furusiya wasan koyon dabarun yaƙi a kan taswira. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars, inda manyan mutane ke jera sojojin dalma a daɓen ɗaki. Daga baya dodanni da bokaye suka shigo, musamman bayan fitowar Warhammer a 1983. Wanda ya ja hankalina shi ne Rangers of Shadow Deep na Joseph McCullough, na 2018, domin an tsara shi yadda mutum ɗaya zai iya ja wa ƴan tsirarun mayaƙa gora, abokan gaba kuwa su yi tafiya bisa ƙa'idar da aka rubuta tun kafin a fara.

Ƴan mutum-mutumin Turawa ba sa zuwa kasuwarmu, kuma ban yi kewarsu ba. Wane yaro ne a ƙasar nan bai ƙera dokin laka da damina ba? Nawa mayaƙan da yumɓun kwarin Maggiya na gina su, na kafa ƙafafunsu a ragowar simintin Malbaza don kada su faɗi. Su shida ne: ɗan lifida, mai sulke, maharba biyu, boka, da makaɗi wanda ba ya kashe kowa amma idan ya faɗi sai zuciyar sauran ta karye. A gabansu akwai Dodo, da kuraye, da aljanun tsamiya. Gizo kuwa ban ba shi ɓangare ba, inda rinjaye yake nan yake komawa. Tazara da taƙi nake auna ta. Hukunci na wuri huɗu ne: in watsa su, in ƙirga waɗanda suka faɗi baki sama. Ba kuɗi a ciki, balle a kira shi caca.

Wuyar wasan ba a ƙira take ba, a adalci take. Mai wasa shi kaɗai shi ne sarkin yaƙi, shi ne abokin gaba, shi ne alƙali, kuma ba mai ganinsa. Ƙa'idar da na rubuta ta ce Dodo yana nufar wanda ya fi kusa da shi. Idan wanda ya fi kusan maharbin da na kwashe mako ina gyara masa baka ne, dole hannuna ya ɗauki Dodo ya kai shi can.

A nan ne na gane dalilin da ya sa na tsaya ga halittun tatsuniya. Ina karantar da littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, kuma ɗalibaina sun san rundunar Voulet da Chanoine ta fafata da Sarauniya Mangu a Lugu cikin Afrilun 1899, ta ƙone garinmu ranar 8 ga Mayu, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Wani ɗalibi da ya ji labarin wasan ya ce: "Malam, me zai hana ka jera ganuwar Ƙonni, ka bar mu mu ci wannan karon?" Na daɗe ina juya maganarsa. Idan na rubuta ƙa'ida ta gaskiya, ta bindiga mai nisan zango a kan kwari da baka, sakamakon ba zai sauya ba, kuma yatsuna ne za su tura sojojin Voulet cikin gari gida bayan gida. Idan kuma na sassauta ta don mu yi nasara, na yi wa matattu ƙarya don in ji daɗin dare ɗaya. Dodo ba shi da jikoki a unguwarmu, waɗanda ya cinye a kan tabarmata ma ba su da kabari a bayan gari.

Doka ɗaya na ƙara da kaina: wanda ya faɗi ba ya dawowa. Ina ajiye shi a kan taga, in jira damina ta ba ni laka. Tun watan Janairu rundunata maharbi ɗaya gare ta.