Batirin da Muka Kashe da Hannunmu

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, janaretan gidanmu ya shiga hutu, har yau bai dawo aiki ba. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Gidan kuwa iyalai uku ne a ciki, ga tsoho ga jarirai. Halin wutar gari a unguwar nan ba sai mun faɗa muku ba. Sai muka zauna a zaure bayan isha'i muka yanke cewa kwasar adashi mai zuwa sola za ta saya, kuma da kanmu za mu haɗa, tunda kuɗin masu haɗawa ya fi ƙarfinmu.

Kuskurenmu shi ne mun riga lissafi zuwa kasuwa. Muka nufi shagunan kayan wuta na wajajen Wunti, muka sayo faranti ɗaya mai wat 300, da kontrola, da inbata, da waya. Da kuɗi suka yi kasa a wajen batir, sai muka ɗauko tsohon batirin babbar mota a wurin wani bakanike, muna ta murna mun yi wayo. Ai batir batir ne, in ji mu.

Wata huɗu ya yi. Daga kaiwa asuba ya koma sha biyun dare, daga nan ya koma ƙarfe tara, ƙarshe ko labarai ba ma gama kallo. Ashe batirin mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfi mai yawa na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, sannan mota ta mayar masa nan take. Ba a yi shi don a riƙa tsotsarsa dare guda har ya ƙare ƙarƙaf ba. Mu ne muka kashe shi, ba wanda ya cuce mu.

Ɗan yayarmu da ke karatun lantarki a kwalejin kimiyya ta Gwallameji shi ya zaunar da mu da takarda da biro. "Kawu, ku faɗa mini me za ku kunna, kuma awa nawa," in ji shi. Ƙwai shida masu wat 5, awa biyar, ya rubuta 150. Fanka uku masu wat 15, awa takwas, 360. Talabijin mai wat 50, awa huɗu, 200. Cajin wayoyin gida duka, a ce 100. Jimla 810. Sai ya juya takardar. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar 2,400, amma irin mai ruwa ba a cin fiye da rabinsa in ana so ya yi shekaru, saura 1,200 ke nan. Farantinmu kuma in ya sami awa biyar na rana mai ƙarfi zai ba da 1,500 a takarda, amma zafi da ƙura da waya za su ci wajen kashi ɗaya cikin uku. Wato abin da ke shigowa ya ɗan ɗara abin da ke fita, da ƙyar.

Nan ya ɗago kai ya ce, "Dutsen guga wat 1,000 ne. Awa ɗaya, an cinye na kowa."

Muka sake zubi, muka sayo batirin sola na gaske, dogo mai ruwa. Haɗin kansa bai ba mu wuya ba. Batir ake fara jonawa da kontrola kafin faranti, in aka juya tsarin ana iya ƙona ta. Fis kusa da batir dole ne, don gajeriyar waya ɗaya ta isa ta tayar da gobara. Waya mai kauri muka sa, ba irin ta rediyo ba. Faranti ya fuskanci kudu da ɗan karkata, muka ɗaure shi da noti a jikin ƙarfe, saboda kun san iskar farkon damina a Bauchi ba ta barin kwano balle faranti. Batir kuma ya zauna a inuwa inda iska ke ratsawa, ba ɗakin da ake kwana ba, ruwan batir kawai ake ƙara masa, ban da na famfo ko na rijiya.

Wahalar ba ta waya ba ce, ta mutane ce. Da hunturu ya shigo sai inbata ta fara kuka da asuba. Muka hau sama muka wanke ƙura, wadda lallai tana rage wuta sosai, amma kukan bai daina ba. Sai ranar da aka kama hita a cikin bokiti a ɗakin samari. Aka yi cacar baki, wani ya ce ai shi ma da kuɗinsa a ciki, wani ya ce to a cire masa wayarsa. Saura ƙiris zumunci ya taɓu a kan ruwan wanka.

Inna ce ta raba gardamar. Ta ce ƙwai da fanka a ja musu waya kai tsaye daga kontrola, tunda masu bolt 12 ne, ba ruwansu da inbata. Inbata kuma a sa ta a akwati, talabijin kaɗai za ta riƙe, makulli a hannunta. Dutsen guga na gawayi ya fito daga ƙarƙashin gado, ruwan zafi ya koma murhu. Samari sun yi kwana biyu suna kumbure-kumbure, suka gaji suka bari.

A azumin 2024, da ya faɗo tsakiyar zafin Maris da Afrilu, Baba ya yi barci da fanka har sahur, abin da ya daɗe bai samu ba. A watan Agusta kuwa, in hadari ya rufe kwana biyu a jere, mukan haƙura da talabijin don fanka ta kai safe.

Yanzu amaryar Yaya ta taso da maganar firji, tana so ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo. Mun sake kiran yaron da takardarsa. Ya ce sai an ƙara faranti biyu, da batir, da inbata mai girma. Ta ce ta ji, kwasarta ta gaba ta sa a ciki, amma da sharaɗi ɗaya: makullin sabon akwatin a hannunta zai zauna. Inna ba ta ce komai ba tukuna.