Lambobin 'yan ajinmu

Saura kwana biyu in kare furojet, malamina ya ce in kawo masa rumbun bayanan a filashi. Gabana ya faɗi. Teburin rajista cike yake da lambobin wayar 'yan ajinmu, amana suka ba ni don gwaji.

Cikin dare na buɗe baƙin allon nan da nake gudu tun ND1. Na rubuta mysqldump, sunan rumbun, sai tebur biyu kacal. Na rajista kuwa na fitar da shi daban da --no-data, ya fito ƙwarangwal, ba ko lamba ɗaya.

Ashe fayil ɗin da DROP TABLE yake farawa. Ina gwada loda shi a kwamfutata, wallahi lambobin suka tafi. Washegari na bi mutane ɗaya-ɗaya ina roƙo.