Kyanwar Gwaggo

Yau labarin gwaggona da kyanwarta zan ba ku.

Gwaggo tana zaune a wani ƙauye kusa da Gazawa. Wata shekara da damina tari ya kama ta. Ta yi wata biyu tana tari, tana rama. Muka kai ta gidan likita a Agye. Aka auna majinarta, aka ce tarin fuka ne. Aka ba ta ƙwayoyi kyauta, aka ce ta sha kullum har wata 6.

Da muka koma gida, mutane suka janye jiki. Ana aje mata fura a bakin ƙofa, a juya. Ni kaina, mai koya wa manya karatu, daga waje nake yi mata sannu. Har yau ina jin kunyar wannan abu.

Kyanwarta kaɗai ba ta guje ta ba. Wata ƴar fara ce, kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Dare da rana tana kwance a gefen tabarma. Gwaggo tana shafa ta, tana yi mata hira.

Da aka yi wata uku, na tambayi Gwaggo ko tana shan magani. Ta ce: "Ɗana, na so in bari. Amma in na mutu, wa zai ba wannan baiwar Allah nono?" Kowace safiya sai ta haɗiye ƙwayoyinta, sannan ta zuba wa kyanwa nono a sakaina. Haka ta yi har ta cika wata 6, ta warke.

Daga baya na karanta cewa a wasu ƙasashe ana kai kyanwoyi asibiti da gangan. A Ingila akwai wata ƙungiya mai suna Pets As Therapy, an kafa ta a 1983. Mutanenta suna kai karnuka da kyanwoyi su gaida marasa lafiya. Sai an yi wa dabba allurar rigakafi, an kuma ga ba ta da faɗa, kafin a shiga da ita. Ma'aikatan da suka gaji ma sukan shafa ta su ji sanyi a rai.

A Amurka kuma, a birnin Providence, an yi wani muzuru mai suna Oscar a gidan jinyar tsofaffi. Yakan kwanta kusa da wanda ajalinsa ya matso, sai ma'aikata su kira dangi. Likita David Dosa ya rubuta labarinsa a 2007. Oscar ya mutu a 2022.

Mu ma mun san darajar kyanwa. Sahabi Abu Huraira, ma'anar laƙabinsa uban ƴar kyanwa.

Amma ku lura. Kyanwa ba magani ba ce, ƙwayoyi suka kashe ciwon Gwaggo. Kada ku ɗauki kyanwa ku shiga gidan likita da ita. In ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a tafi gidan likita, domin tana iya ɗaukar ciwon haukan kare. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa. Wanda ya wuce sati biyu yana tari, ya je a auna shi.

Tarin fuka ta iska yake bi, ba ta ƙwarya ba. Da na buɗe taga, ko na shimfiɗa wa Gwaggo tabarma a inuwar bedi, da na zauna da ita. Abin da kyanwa ta ba ta, zama ne. Wannan kuwa ba ya fi ƙarfinmu ba ne.

In akwai mara lafiya a garinku, ku je ku zauna, ko da ba ku riƙe kome a hannu ba. Allah ya ba mu lafiya, amin.