Inda Murya Take Tsinkewa

Sanin kowa ne cewa idan magidanci ya sayar da masararsa ko audugarsa a Funtuwa, ya sayo amfilifaya da lasifika biyu ya girke a zaure, abin da maƙwabta za su tambaye shi bai wuce biyu ba: nawa ya saya, kuma ina ne iyakar inda ƙarar take kaiwa. Da wuya a sami wanda zai leƙa bayan akwatin ya dubi ɗan wurin nan da waya ta sadu da ƙarfe. Alhali kuwa a nan ne ran kayan yake, kamar yadda ran guga yake a ƙullin igiya.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a garin Ƙanƙara wanda ya daɗe da fahimtar haka. Tun zamanin rediyo mai cin kaset yake sana'ar, kuma lokacin da hanyoyi suke da lafiya yakan ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan babur ya ci kasuwar Sheme ta ƙasar Faskari, wani lokaci har Sabuwa. Mutum ne marar yawan magana, amma yana da wata al'ada da takan ba masu kawo gyara haushi. Ko me aka ce ya lalace, ba zai buɗe cikin na'ura ba sai ya fara juya ta ya duba bayanta, ya ɗan ja wayoyin da yatsa. A ganinsa lasifika ba ta cika mutuwa don kanta ba, kashe ta ake yi, kuma ta baya ake bi a kashe ta.

Cikin masu hulɗa da shi akwai wani manomi daga wani ƙauye na ƙasar Faskari, mai son waƙoƙin marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Kayan sautinsa na gida ne, masu aiki da batir mai bolt 12, kuma da hannunsa ya haɗa su: ya fere bakin waya da reza, ya murɗa, ya cusa a ramin sifirin ɗin nan mai ja da baƙi, inda wayar ta gaza kuwa ya ƙara wata ya naɗe da leda. Karo na farko da ya kawo ƙara, cewa ya yi muryar Shata tana fita tangaram amma kalangu ya zama kamar ana kaɗa gwangwani. Dattijon ya sauya wayoyi biyu na lasifika ɗaya, ja ya koma ja, baƙi ya koma baƙi, nan take kiɗa ya dawo da nauyinsa. Dalili shi ne, in aka juya wa lasifika ɗaya waya, to sa'ad da fatar ɗaya take turo iska gaba, ta ɗayar baya take ja, sai amon ƙasa ya cinye juna. Bai karɓi ko kwabo ba ran nan, sai dai ya ce, "Malam, wannan ɗaurin naka ba zai kai ka ba. Ka bari in sa maka kai na kirki." Manomin ya ce, "Baba, ai tana yi. Sai wani jiƙon."

To, wani jiƙon ya zo a mummunan lokaci. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Jihar Katsina, ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta kafa dokokin tsaro saboda 'yan bindiga, ciki har da hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. A watan Satumba kuma aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna ciki. Mutanen da suka saba kiran ɗan'uwa a gona da danna lamba suka wayi gari ba su da abin isar da saƙo sai ƙafa da murya. Lasifikar masallaci ta koma ita ce sanƙiran gari: da ita ake kiran salla, da ita ake sanar da rasuwa da ɓatan yaro, da ita kuma ake gaya wa na bayan gari su dawo gida. Da amfilifayar masallacin ƙauyen ta ƙi aiki, sai manomin nan ya ɗauko tasa ta zaure ya bayar, aka jona ta da ƙahon da ke bisa soro, da irin ɗaurin da ya saba.

Ba ta yi mako biyu ba. Wata asuba ladan ya ɗauki makirfo, aka ji ƙas, sai warin ƙuna. Siraran gashin waya guda biyu ko uku ne suka zame daga ramin ja suka taɓa na baƙi, wuta ta sami gajeriyar hanya, na'urar ta ƙone daga ciki. Kwana uku ƙauyen ba ya da murya sai ta maƙogwaro, a lokacin da kowa kunnensa yake a tsaye. Manomin ya naɗe amfilifayar a buhu ya zagaya ta Funtuwa, tafiyar da ta ninka ta da. Mai karatu zai ce me ya hana shi gyara a Funtuwa, inda masu gyara suke birjik? Sai dai a ce sabo turken wawa, ko kuwa kunyar maganar da aka gaya masa ce ta ja shi ya koma inda aka gaya masa ita.

Dattijon bai yi masa gori ba. Ya canza abin da ya ƙone, sa'an nan ya zazzage wata tsohuwar gwangwanin madara cike da kawunan waya iri iri a kan tabarma, ya shiga yi masa bayani ɗaya bayan ɗaya, abin da bai saba ba.

Ramin sifirin, in ji shi, na ƙananan kayan ɗaki ne waɗanda ba a motsa su. Siririyar waya kaɗai yake karɓa, kuma sifirin ɗin yakan saki in ya tsufa. Wanda ya fi shi shi ne turke mai noti, wanda ake murɗawa ya danne waya. A kan irin wannan turke ana iya sa kai mai baki biyu kamar gwafa, a ɗaure shi tam, ko kuwa a cusa fulogin da Turawa suka laƙaba wa sunan ayaba saboda ƙirarsa, mai ɗan ciki da yake buɗewa ya kama ramin. Amfanin su duka ɗaya ne: suna tattara gashin waya wuri guda, ba mai zamewa ya taɓa ɗan'uwansa. Sai jak, dogon fulogin nan mai kaurin milimita 6.35 da aka gada daga tsofaffin ofisoshin tarho. Shi dattijon ba ya ƙaunarsa a kan lasifika, domin wajen cusawa ko zarewa bakinsa yakan haɗa wuta biyu na ɗan lokaci, kuma yaro in ya yi tuntuɓe da waya sai ya fito. Na ƙarshe da ya ɗaga shi ne Speakon, ƙirar kamfanin Neutrik na ƙasar Liechtenstein, wanda ake cusawa a murɗa ya kulle, ƙarfensa kuma a ɓoye yake cikin roba, hannu ba ya taɓa shi. Masu kiɗan biki sun san shi sarai. Amma sai na'ura tana da raminsa, kuma akwai jabunsa a kasuwa.

A kan jabu ne ya fi daɗewa, don nan ne ake cutar talaka. Ya ɗauko maganaɗisun tsohuwar lasifika ya kusanta shi da wani kai mai walƙiya kamar zinariya, sai kan ya yi tsalle ya manne. Ya ce wannan baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka. Tagulla da jan ƙarfe ba sa bin maganaɗisu. Ruwan zinariya na gaskiya yana hana tsatsa, amma ba ya ƙara wa Shata zaƙin murya, balle na ƙarya da yake goge wa cikin wata guda. Ya kuma kankare wayar manomin da wuƙa, sai ga cikinta fari fat. Alminiyan ne aka lulluɓe da jan ƙarfe, wanda wutar da yake ɗauka ba ta fi kashi 60 da 'yan kai cikin ɗari na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa yake ɗauka ba, ga shi da saurin karyewa a gindin noti. Lasifikar gida om 4 ce ko 8, wato ƙaramar turjiya gare ta, saboda haka ɗan cikas kaɗan a mahaɗa ko a doguwar siririyar waya sai ya cinye rabon da ya kamata ya isa gare ta, ya koma zafi.

Ƙasar nan tasu ma ba ta raga wa ƙarfe. Kudancin Katsina ya fi arewacinta ruwa, da damina laima takan sa jan ƙarfe ya yi kore, da hunturu kuma ƙura ta shige kowane rami. Don haka ya ce duk mahaɗar da za ta kwana a waje, kamar ta ƙahon soro, a liƙe ta da dalma a rufe ta ruf, a kuma lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga, don ruwa ya ɗiga ya bar ta. Amma wayar da za a danne da noti kada a shafa mata dalma, domin dalma taushi gare ta, tana lotsawa a hankali har notin ya saki. Wannan kuskure ne da ko masu gyara da yawa suke yi, suna zaton gwaninta ce.

Manomin ya tambayi kuɗin kawuna huɗu masu baki biyu da waya ta jan ƙarfe zalla. Da aka faɗa masa ya yi shiru, domin bai kai abin da ya kashe a mota zuwa kawai ba. Dattijon ya matse kowane kai da filaya, ya ja da ƙarfi ya ga bai fita ba, ya ɗaura jan zare a wayar ja don kada ladan ya rikice da duhun asuba.

"Ka gai da Liman," in ji shi. "Ka ce masa kowace Juma'a a sa yaro ya taɓa notin nan, in ya yi sako-sako a ƙara murɗawa. Kuma a kashe na'ura tukuna."

"In Allah ya so, Baba."

Ya mayar da ita cikin buhu, ya saɓa a kafaɗa, ya nufi tashar motocin Funtuwa tun rana ba ta karkata ba, don a lokacin ba mai son la'asar ta same shi a hanya.