Silin Mota Da Gilashin Gaba: Wanne Za A Fara?

Wannan makon ba soyayya muka zo da ita ba, ba kuma siyasa ba. Zancen silin mota ne.

Yawancinmu motar farko 'yar Kwatano ce, ko wadda aka gada a gida, ta ci shekara ashirin a duniya kafin makullinta ya zo hannunmu. Tamu tsohuwar Golf ce, mu uku muke karɓa-karɓa da ita, ita ce kuma ke kai mu taron ƙungiya duk ƙarshen wata. Tun bazara yadin da ke manne a rufinta ta ciki ya fara sakin jiki, har yana shafar hular wanda ya zauna a baya. Masu shawara ba su yi kaɗan ba: wani ya ce a caka masa allurai, wani ya ce a shafa Evo-Stik a huta.

Mai aikin kushin da muka je wurinsa ne ya warware mana. Silin hawa uku ne: faranti mai tauri kamar kwali a sama, siririn soso a tsakiya, yadi a ƙasa. Soson ne ke mutuwa. Motar da ta wuni a rana cikin watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rufinta tanda ne. Soson ya dahu, ya koma gari ja-ja mai ɗan danƙo. Duk gam ɗin da aka shafa, wannan garin zai kama, bayan 'yan kwanaki yadin ya sake sakkowa, ga tabo a kai. Gyaran da ke ɗorewa shi ne a sauke farantin gaba ɗaya, a kankare shi tas da buroshi, a manna sabon yadi mai soso da gam mai jure zafi.

Amma da ya ɗaga gefen silin ta wajen gilashin gaba, sai ya ƙi karɓar aikin. Akwai shatin ruwa mai ruwan ƙasa, da warin rima, da tsatsa a jikin ƙarfe. Rana ba ta barin shatin ruwa. Ya ce mu fara zuwa wurin mai gilashi, in ba haka ba ruwan Agusta zai ɓata sabon silin.

A nan ne maganar ta tashi daga kwalliya. Iyayenmu sun saba da Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, wadda roba ce ke riƙe gilashinta. Motocin baya-bayan nan ba haka suke ba. Wani baƙin gam mai ƙarfi, yuretan, shi ke manne gilashin da jikin mota, robar da muke gani a waje galibi rufe baki kawai take yi. Gilashin da aka manna da kyau yana taya ginshiƙai tallafe rufi idan mota ta kife, Allah ya kiyaye, kuma a motocin da ke da jakar iska ta fasinja, sau da yawa a jikinsa take jingina idan ta fashe. Inda ruwa ya samu hanya, can gam ya saki.

Shi ya sa silikon ɗin da ake zizarawa a bakin gilashi ba ya burge mu. Mai warin tsamin nan yana cin ƙarfe, yana ɓoye tsatsa, kuma yuretan ba ya kamawa a inda ya taɓa zama.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Mutum ɗaya a ciki da tocila, ɗaya a waje da buta, a fara zuba ruwa daga ƙasan gilashin ana hawa a hankali, don a gane daidai inda yake shiga. Namu ta kusurwar sama ta ɓangaren fasinja ya tsattsafo.

Kuɗin da muka haɗa na aiki ɗaya ne, kuma mun yi musu sosai, don silin kowa ke gani. Gilashin muka fara. An cire shi, an kankare tsatsar, an shafa fenti, an mayar da shi da sabon gam. Mai aikin ya ce ta kwana a inuwa, a ɗan sassauta gilasan gefe, kada kuma a buga ƙofa da ƙarfi. Silin kuwa allurai goma sha biyu ne ke riƙe da shi har albashin wata mai zuwa.