Tsiron da ke jiran ruwa a tsagar duwatsun Abzin

A darasin ilimin halittu, ɗalibin kwaleji a Maradi ko Damagaram yakan fara haɗuwa da kalmar fougère a ƙarƙashin hoton wani kurmi mai danshi na ƙasashen Turai. Daga nan sai ya ɗauka cewa tsiron baƙo ne, ba shi da mazauni a ƙasar da rani ke cinye mafi yawan shekara. Alhali kuwa a arewacin Agadas, cikin tsagar duwatsun Abzin, akwai ɗaya daga danginsa, ɗan ƙasa kamar gawo da aduwa.

Masana na kiransa Actiniopteris radiata. Tsayinsa bai cika wuce taƙi guda ba. Ganyensa ya rarrabu sirara-sirara, a buɗe kamar mafici, har mai kallo ya ce kaba ce aka ƙanƙanta. Ba ya fure, ba ya ƴaƴa. A ƙarƙashin gefen ganyen yake tara wasu ƙwayoyi masu laushin gari, iska ta kwashe su, kuma ba sa haifar da sabon tsiro sai sun sami laima, domin haihuwar wannan dangi ba ta yiwuwa in babu ruwa. To, yaya mai irin wannan bukata ya zauna a bakin hamada?

Tsagar dutse ce ta rufa masa asiri. Tana ba shi inuwa, tana tare masa iska, tana kuma riƙe ɗan ruwan da ya gangaro bayan sauran wuri ya bushe. Idan fari ya tsananta, sai ganyen ya naɗe, ya yi fari-fari, wanda bai sani ba ya ce ya mutu. Ran da ruwa ya sauka, sai ya warware, ya koma kore shar. Ciyawar damina kan mutu ta bar iri a ƙasa. Shi kuwa da jikinsa yake jira.

A shekarar 2011 aka buga wani bincike kan wannan dangi a duwatsun Sahara, wanda ya ambace shi cikin tsirran Abzin, yankin da tsaunin Bagzan ya kai mita 2022. Abin takaici, irin wannan labari yakan tsaya a mujallun masana, da Turanci, nesa da allon aji. Ɗalibin da zai iya zana fougère ta Faransa da ka, sau da yawa bai taɓa jin cewa wata tana naɗe a arewacin ƙasarsa tana jiran watan Agusta ba.